Tsukewar Ƙofar Zuciya Mai Ƙyaure Uku

Gabatarwa

A ɗauki misalin wata mace mai kimanin shekara 30 da haihuwa, wadda aka kai asibiti cikinta ya kumbura, ƙafafunta ma sun kumbura. Ta yi watanni tana fama da kasala, har ta kai ba ta iya kai tulun ruwa gida daga bakin rijiya sai ta sauke ta huta a hanya. A gida an ce ciwon hanta ne, wasu sun ce ƙoda ce, wasu kuma sun ce ba za a rasa sammu a ciki ba. Da likita ya jinginar da ita a kan gado, bai fara da cikin da ake kuka da shi ba. Sai ya tsaya yana duban gefen wuyanta, inda wata jijiya ta cika ta yi tam, tana harbawa tare da kowane bugun zuciya. Daga nan sai ya yi wa mahaifiyarta tambayar da ta ba kowa mamaki: shin lokacin da take ƙarama ta taɓa yin wani zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi, irin wanda kan bar gwiwa yau ya koma idon sawu gobe?

Abin da likitan ke zato shi ne tsukewar ɗaya daga cikin ƙofofi huɗu na zuciya, wato wadda ake kira tirikusfid, kalmar da ta samo asali daga Latin, ma'anarta mai tsini uku. A wannan maƙala za a riƙa kiranta ƙofa mai ƙyaure uku. Ciwo ne da ba a cika samu ba, amma ya cancanci ɗalibi ya san shi, domin alamominsa suna bayyana nesa da zuciya, kuma mafarinsa yawanci ciwon maƙogwaro ne da aka yi tun ana makarantar firamare, aka kuma manta da shi.

Zaure biyu da ɗaki biyu

Zuciyar ɗan Adam ba ta fi girman dunƙulen hannunsa ba, amma tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, tana kuma tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti idan mutum yana hutawa. Bango ya raba ta gida biyu, ɓangaren dama da na hagu, kowane ɓangare kuma yana da zaure a sama da ɗaki a ƙasa. Zaure shi ne mai karɓar baƙi, wato jinin da ya dawo. Ɗaki kuwa shi ne mai kaurin bango, wanda ke matsewa ya tura jinin waje.

Jinin da ya gama zagaya jiki, ya ba da iskar oksijin da ya ɗauko, yana komowa ta manyan jijiyoyi biyu, ɗaya daga kai da hannuwa, ɗaya daga ciki da ƙafafu. Dukkansu a zauren dama suke zubawa. Daga nan jinin ya bi ta ƙofa mai ƙyaure uku ya faɗa ɗakin dama, ɗakin ya tura shi huhu ya sha iska. Idan ya dawo daga huhu sai ya shiga zauren hagu, ya bi ta wata ƙofa mai ƙyaure biyu, wadda ake kira maitiral, ya shiga ɗakin hagu, wanda ke tura shi ga sauran jiki. Sauran ƙofofi biyu suna bakin mafitar ɗakunan ne. Wanda ya fara bayyana cewa jini ba ya ratsa bangon tsakiya, sai ya bi ta huhu, shi ne Ibnun Nafis, likitan da ya rasu a Alƙahira a 1288. Cikakken bayanin zagayen jini kuwa sai a 1628 William Harvey na Ingila ya buga shi.

Aikin kowace ƙofa ɗaya ne da na bawul ɗin tayar keke: ta bar abu ya wuce gaba, ta hana shi komawa baya. Ƙyauren zuciya ba katako ba ne, wata fata ce siririya mai laushi, wadda turin jini kaɗai ke buɗewa da rufewa. A bakin kowane ƙyaure na ƙofofin da ke tsakanin zaure da ɗaki akwai siraran igiyoyi masu ƙarfi da aka ɗaure a jikin wasu tsokoki da suka tsaya a bangon ɗakin kamar turaku. Su ne ke riƙe ƙyauren kada ya juye ya koma cikin zaure yayin da ɗaki ya matse, kamar yadda laima kan juye in iska ta yi ƙarfi. Malamin da ya sayo zuciyar rago ko ta akuya a wurin mahauci ya tsaga ɓangaren dama a gaban aji, zai iya nuna wa ɗalibai ƙyauren nan uku da igiyoyinsu ƙuru-ƙuru.

Lissafin tsukewa

Cikin ƙofofin nan huɗu, mai ƙyaure uku ita ce ta fi faɗin baki. A jikin babban mutum mai lafiya, faɗinta ya wuce murabba'in santimita 4, saboda haka jini na wucewa ba tare da wani turi mai yawa ba. Haka ya kamata, domin zauren dama ba shi da ƙarfi. Kowa ya san ana auna hawan jini da milimitar zaiba, a ce 120 bisa 80. To, matsin jinin da ke cikin zauren dama bai cika wuce milimita 5 ko 6 ba.

Idan bakin ƙofar ya ragu, dole ne matsin da ke bayanta ya ƙaru kafin jini daidai na da ya wuce. Sai dai ƙaruwar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da raguwar. A 1951 wani likitan Amurka, Richard Gorlin, tare da mahaifinsa wanda injiniya ne, suka fitar da ƙa'idar da har yanzu ake amfani da ita wajen lissafa faɗin ƙofofin zuciya. Abin da ƙa'idar ta nuna shi ne, idan faɗin ƙofa ya ragu zuwa rabi, sai an ninka bambancin matsi sau 4. Idan ya ragu zuwa rubu'i, sai an ninka shi sau 16. Wannan ne dalilin da ya sa mutum kan yi shekaru ƙofarsa na tsukewa bai ji komai ba, sa'an nan cikin ɗan lokaci abu ya taso masa gaba ɗaya.

Ana iya gwada wannan a aji ba tare da an kashe ko kwabo ba. A sami gorar roba biyu masu tsawo. A huda ta farko wuri biyu a kusa da gindi da ƙusa mai zafi, a huda ta biyu wuri ɗaya da wannan ƙusar dai. A zuba ruwa a ta farko har ya kai santimita 5 sama da hudojin, a riƙa ƙarawa don kada ya sauka, a tari abin da ya zubo cikin minti guda a auna. Sai a nemi tsawon ruwan da za a tsayar a gora ta biyu kafin ta ba da daidai wannan adadi. Za a tarar sai ya kai wajen santimita 20. Tsawon ruwan nan shi ne makwafin matsin da ke taruwa a zauren dama.

Likitoci na ɗaukar tsukewar ta tsananta idan bakin ƙofar ya koma murabba'in santimita 1 ko ƙasa da haka, ko kuma bambancin matsi tsakanin zaure da ɗaki ya kai milimita 5 na zaiba. Adadin na da ƙanƙanta a ido, amma ga ɓangaren dama ya isa ya sa jini ya yi dandazo a hanta da ƙafafu. Wani abin lura kuma, jini na wuce wannan ƙofa ne kawai a ɗan tsakanin da ɗaki ya saki jiki, kafin bugu na gaba. Idan zuciya ta ƙara sauri, saboda aiki ko zazzaɓi ko juna biyu, wannan tsakanin ne ke gajarcewa, sai ga ƙaramar ƙofa ga kuma ƙarancin lokaci.

Daga maƙogwaro zuwa zuciya

Kimanin tara cikin goma na masu wannan tsukewa sun same ta ne daga zazzaɓin gaɓoɓi, wanda likitoci ke kira zazzaɓin rumatik. Mafarinsa wata ƙwayar bakteriya ce mai suna sitireftokokus, ta rukunin A bisa rabon da Rebecca Lancefield ta yi wa waɗannan ƙwayoyi a 1933. Tana kama maƙogwaro, galibi na yara 'yan shekara 5 zuwa 15, tana kuma yaɗuwa ta tari da atishawa da yawu. Saboda haka ta fi samun sake a inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya, ko aji mai cunkoso, ko ɗakin kwanan ɗalibai. Bincike daga Ostareliya da Niyu Zilan ya kuma nuna cewa ƙurajen fata da wannan ƙwaya ke shiga, musamman bayan ƙazwa, su ma suna da hannu.

Abin mamaki a nan shi ne, ƙwayar ba ta zuwa zuciya da kanta. Ciwon maƙogwaron kan warke cikin 'yan kwanaki ko da ba a sha magani ba. Ɓarnar daga garkuwar jiki take. A jikin ƙwayar akwai wasu sinadarai, ciki har da wani furotin da ake kira M, waɗanda suka yi kama da wasu sinadaran da ke jikin zuciya da gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa. Sojojin jiki da aka tayar domin yaƙar ƙwayar sai su kasa bambance maƙiyi da ɗan gida, su auka wa jikin da suke karewa. Ba kowane yaro ne hakan ke faruwa da shi ba. Ko a lokacin annoba, waɗanda ke kamuwa ba su cika wuce 3 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba. Amma idan aka tuna yawan ciwon maƙogwaron da yara ke yi a shekara, za a ga adadin ba kaɗan ba ne.

Mako biyu zuwa uku bayan maƙogwaro ya warke sai zazzaɓi ya dawo, manyan gaɓoɓi su kumbura su yi zafi, ciwon yana tashi daga wannan ya koma wancan. A 1944 T. Duckett Jones na Amurka ya tsara alamomin da ake gane cutar da su, an kuma sabunta tsarin a 2015. Manya daga ciki su ne ciwon gaɓoɓin, da kumburin zuciya, da wasu ƙulle-ƙulle marasa zafi a ƙarƙashin fata, da wani jan zane a fata wanda da wuya a gan shi a jikin baƙar fata, da kuma wani irin motsi na ba gaira ba dalili. Wannan na ƙarshe ya kamata malamai su san shi. Yakan zo watanni bayan ciwon maƙogwaron, ya fi kama 'yan mata, hannuwa da fuska su riƙa fizga da kansu, rubutun yarinya ya lalace, abu ya riƙa suɓuce mata, ta riƙa kuka ba dalili. Sau da yawa akan ce iskoki ne, ko a yi mata bulala a kan sakarci, alhali tun a 1686 Thomas Sydenham ya bayyana shi a matsayin ciwo.

Gaɓoɓin suna warkewa sarai, ba su barin nakasa. Ƙofofin zuciya ne ba su komawa yadda suke. Kowane dawowar zazzaɓin yana barin tabo: ƙyaure ya yi kauri, gefunansa su manne da juna, igiyoyi su gajarce su dunƙule. Bayan shekara goma ko ashirin, ƙofar da ke buɗewa wangame sai ta koma ɗan rami mai taurin baki, wanda ba ya buɗewa sosai, ba ya kuma rufewa sosai. Shi ya sa tsukewa da yoyo kan zo tare.

Ƙofar da cutar ta fi ci ita ce ta hagu mai ƙyaure biyu, domin ita ce ke shan matsi mafi tsanani. Mai ƙyaure uku tana zuwa ne daga baya, kuma waɗanda tata tsukewar ke kai ga damuwa ba su kai ɗaya cikin goma na masu ciwon ba. Kusan ba a samunta ita kaɗai. Duk inda aka gan ta, to ta hagu ma ta taɓu. Ta kuma fi yawa ga mata.

Sauran dalilan kaɗan ne. Akwai jariran da ake haifa da ƙofar a tsuke. Akwai wani ƙari na hanji mai suna kasinoyid, wanda idan ya yaɗu zuwa hanta yakan zuba sinadarin serotonin cikin jini, sinadarin ya sa ƙofofin dama su ƙandare, na hagu kuwa su tsira saboda huhu na lalata shi kafin ya isa can. Wayar na'urar daidaita bugun zuciya, wadda ake zurawa ta wannan ƙofa, ita ma takan jawo tabo. Haka kuma akwai wani ciwo mai sa bangon cikin zuciya ya yi tauri, wanda aka fara bayyanawa a Yuganda a 1948, ake kuma samunsa a kudancin Nijeriya mai yawan ruwan sama. Shi ma yana iya kama ƙofar.

Alamomi, da yadda ciwon ke ɓoye ɗan'uwansa

Idan aka datse kwalbati, ruwa na taruwa ne a bayanta, gabanta kuma ya ƙafe. Haka alamomin suka kasu. A gaba, jinin da ke isa huhu da sauran jiki ya ragu, sai kasala da saurin gajiya da sanyin hannu da ƙafa. A baya kuwa, zauren dama ya buɗe ya yi girma, matsi ya koma cikin manyan jijiyoyin nan biyu. Ta sama ita ce ke cika jijiyar wuya. Duk lokacin da zaure ya matse yana ƙoƙarin tura jini ta ƙaramar ƙofa, wani kaso na jinin kan yi tsalle ya koma wuya, har wasu marasa lafiya kan ce suna jin abu na yi musu fiffika a wuya. Ta ƙasa kuma ita ce ke cika hanta, ta kumbura ta yi nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, abinci kaɗan ya cika ciki, ruwa ya taru a ciki da ƙafafu. Idan aka daɗe a haka hantar kan yi tabo, wani lokaci har idanu su yi shawara. Ke nan masu cewa ciwon hanta ne ba su yi ƙarya ba ɗungum. Sun dai kama reshe ne suka bar tushe.

Wurin da ciwon ya fi yaudara shi ne dangantakarsa da ƙofar hagu. Wanda ƙofarsa mai ƙyaure biyu ta tsuke, jini kan taru masa a huhu, ya riƙa haki, ya kasa kwanciya sai a jingine, ya farka tsakar dare yana neman iska. To, idan mai ƙyaure uku ita ma ta tsuke, sai ta rage jinin da ke shiga huhun tun daga farko, hakin ya yi sauƙi. Mara lafiya da danginsa su ga kamar an sami lafiya, tunda ga shi yana kwanciya miƙe, alhali ƙofa ta biyu ce ta lalace. Likita ma na iya ruɗuwa, domin ƙarar ƙofar hagu takan rufe ta dama. Idan kuwa aka yi aikin fiɗa aka gyara ta hagu aka bar ta dama, kumburi da kasala ba za su tafi ba. Saboda haka ƙa'ida ce ga likita: duk mai tsukewar ƙofar hagu da aka ga kumburinsa ya fi hakinsa, a binciki ƙofar dama.

Bayan shekaru, zauren da ya buɗe kan daina bugawa bisa tsari, ya koma karkarwa. A nan bugun zuciya ke rikicewa, kumburi ya ƙaru, jini kuma ya sami damar yin guda a cikin zauruka. Gudan da ya fito daga zauren hagu shi ne kan tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki ga matashi.

Yadda ake ganewa

Da abin sauraron ƙirji, wanda René Laennec na Faransa ya ƙirƙiro a 1816, likita na jin wani gurnani a ƙasan ƙashin ƙirji ta gefen hagu, a lokacin da ɗaki ke cika. Dabarar bambance shi da na ƙofar hagu ita ce a sa mara lafiya ya ja numfashi. Jan numfashi na zuƙo ƙarin jini zuwa ɓangaren dama, don haka ƙarar ƙofar dama sai ta ƙaru, ta hagu kuwa ba ta ƙaruwa. Wani likitan Meziko, Rivero Carvallo, shi ya bayyana wannan alama a 1946, ana kuma kiranta da sunansa.

Tabbaci kuwa sai da hoton eko, wato na'urar da ke aika sautin da kunne ba ya ji cikin ƙirji, ta karɓi amsa-kuwwarsa ta mai da ita hoto. Inge Edler da Hellmuth Hertz ne suka fara gwada ta a kan zuciya a birnin Lund na Suwidin a 1953. Irinta ce ake duba masu juna biyu da ita, ba ta da zafi, ba ta da lahani. Tana nuna kaurin ƙyaure, da saurin jinin da ke ratsa shi, daga nan a lissafa matsi da faɗin ƙofa. Ƙarfinta ya bayyana a 2007, lokacin da aka buga sakamakon duba 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya: eko ta gano masu tabon zuciya ninki goma na waɗanda sauraron ƙirji ya gano.

Magani

Babu ƙwaya ko allura ko saiwa da ke buɗe ƙofar da ta riga ta manne. Abin da magani ke yi shi ne rage nauyi. Ana ba da magungunan sa fitsari irin su furosemid da sifironolakton domin a rage ruwan jiki, a kuma umarci mara lafiya ya rage gishiri. A nan ya kamata a tuna cewa ɗunƙulen ɗanɗanon miya da kanwa su ma suna ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin gudu a cikin gishirin. Idan zaure ya shiga karkarwa, ana ƙara maganin rage saurin zuciya da na hana jini yin guda, wato warfarin.

Gyara na haƙiƙa hanya biyu ne. Ta farko ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa zuciya, a hura balan-balan da ke bakinsa a tsakiyar ƙofar, ya raba inda ya manne. Kanji Inoue na Japan ne ya fito da wannan dabara domin ƙofar hagu, ya buga bayaninta a 1984, kuma a can ta yi nasara ƙwarai. A ƙofar dama amfaninta kaɗan ne, domin galibi akwai yoyo tare da tsukewar, balan-balan kuwa ƙara yoyon yake yi. Hanya ta biyu ita ce a buɗe ƙirji a gyara ƙofar ko a sauya ta, yawanci a lokaci guda da ta hagu. Idan za a sauya, an fi son ƙofar da aka yi da naman dabba bisa ta ƙarfe, saboda jinin ɓangaren dama a hankali yake tafiya, yana saurin yin guda a jikin ƙarfe. Aibin ta naman dabba shi ne tana tsufa, musamman a jikin matashi, wata rana sai an sake aiki.

An fara irin wannan fiɗa ta buɗe zuciya a Nijeriya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. Duk da haka aiki ne mai tsada, mai bukatar na'urori da ƙwararru da jini da wutar lantarki da ba ta yankewa, kuma mafi yawan masu bukatarsa 'ya'yan talakawa ne. Wani bincike mai suna REMEDY, da aka buga a 2015, ya bi marasa lafiya 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kusan 17 cikin 100 sun rasu. Yawan matan na da muhimmanci, domin juna biyu na ƙara yawan jini da kusan rabi, ƙofar da ta tsuke kuwa ba ta iya ɗaukar ƙarin. Yarinyar da aka san tana da tabon zuciya, wajibi ne likita ya duba ta kafin ta ɗauki ciki.

Inda ake iya tare shi

An ƙiyasta cewa a 2019 mutane kimanin miliyan 40 ne ke ɗauke da ciwon zuciya na rumatik a duniya, kuma ya kashe kimanin 300,000 a wannan shekara. A Turai da Amurka, inda a da ake cika ɗakunan asibiti da yara masu wannan zazzaɓi, ya kusa ɓacewa, saboda raguwar cunkoso a gidaje da kuma samuwar fenisilin. Tun a 1950 aka tabbatar, a wani sansanin mayaƙan sama da ke jihar Wayomin ta Amurka, cewa yi wa ciwon maƙogwaro magani da fenisilin na hana zazzaɓin gaɓoɓi. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kan cutar. Abin takaici ne ƙwarai a ce ciwon da aka san makarinsa fiye da shekara 70 yana nan yana kai 'yan shekara ashirin kabari.

Ba kowane ciwon maƙogwaro ne na wannan ƙwaya ba. Mafi yawa na mura ne, wanda bairos ke kawowa, fenisilin kuma ba ya yi masa komai. Na bakteriyar bai wuce biyu zuwa uku cikin goma ba a tsakanin yara. Alamominsa su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, zafi wajen haɗiya, kaluluwa mai ciwo a wuya, da farar mugunya a can cikin maƙogwaro, ba tare da tari ko majina ba. Irin wannan yaro asibiti za a kai shi. Allurar fenisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya ta wadatar, ko kuma maganin sha na kwana 10 cur, kuma yana yin aiki muddin an fara cikin kwana 9 da soma ciwon. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi ƙwaya ta kwana biyu a kemis, da an ga sauƙi a daina. Wani kuskuren shi ne kai yaro wurin wanzami a cire masa beli. Beli ba shi ne ciwon ba. Cire shi ba ya kashe ƙwayar, sai dai ya ƙara haɗarin zubar jini da shigar wasu cututtuka ta aska.

Wanda kuwa ya riga ya taɓa yin zazzaɓin gaɓoɓi, shi ne ya fi kowa haɗarin sake yi, kuma kowane maimaici ƙarin tabo ne. Shi ana yi masa allurar fenisilin duk bayan mako 3 ko 4, na tsawon shekaru. Idan ƙofa ta riga ta taɓu, har ya kai shekara 40, wani ma iyakar rayuwarsa. Wanda jikinsa ba ya jituwa da fenisilin, ko wanda ciwon ƙofarsa ya tsananta, likita na iya zaɓa masa na sha. An gwada ƙarfin wannan allura a arewacin Yuganda, a kan yaran da eko ta nuna suna da tabo tun bai fara damunsu ba, aka buga sakamakon a 2021. Bayan shekara biyu, ciwon ya ci gaba a jikin kimanin 8 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa allurar ba, a cikin waɗanda aka yi wa kuwa bai kai 1 cikin 100 ba.

Wahalar ita ce ɗorewa. Allurar na da zafi, asibiti na iya yin nisa, yaron kuma ba ya jin ciwon komai da zai tuna masa. A binciken REMEDY, 55 cikin 100 ne kawai ke karɓar wannan kariya. A makarantar kwana, malamin da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai ya fi iyaye sanin wanda ya kwana da zazzaɓi da wanda ya kasa haɗiyar tuwo. Yana iya ajiye ɗan littafi mai sunayen ɗaliban da ke karɓar allurar da ranar da ta kama ga kowannensu, ya ba su izinin fita a ranar ko da ta faɗo cikin makon jarrabawa, ya kuma tambayi katin asibitin idan sun dawo daga hutu.